Kafin A Sabunta Stellarium, A Fara Duba Abin Da Ke Cikinta

Duk ranar 29 ga Sha'aban, tun kafin a kira magariba, wasu hotuna kan fara yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook. Hoton fuskar waya ne ko na laftof, ga siririn jinjirin wata a kan sama mai duhu, a ƙasa an rubuta cewa wata ya tsaya. Da yawa daga cikin hotunan nan daga manhajojin kallon sama ake ɗauko su, irin su Stellarium. Matashin da ya tura hoton daga Bebeji ko Kwanar Ɗangora ba ƙarya ya shirya ba, ya dai yarda da manhajarsa ne. Abin da bai duba ba shi ne wataƙila manhajar tana zaton a Legas take, an kashe mata iskar sama, an kuma ƙara wa watan girma ninki-ninki.

Idan aka ja hankalinsa, amsar da zai bayar kusan guda ce: ai sabon samfuri ne, jiya-jiya ya sabunta shi. A nan kuskuren yake. Matasa da yawa sun ɗauka lambar samfuri ita ce shaidar ingancin abin da manhaja ke nunawa. A manhajar falaki abubuwa uku ne suke yanke hukunci: wurin da aka gaya mata tana tsaye, bayanan da ƙananan manhajojin cikinta suke aiki da su, da saitin da aka bar ta a kai. Wanda ya gyara waɗannan ukun a tsohon samfuri ya fi wanda ya sauke na jiya ya bar su a birkice. Ra'ayin wannan rubutu ke nan, ga kuma dalilansa.

Mece ce Stellarium?

Stellarium manhaja ce da ke zana sararin samaniya a fuskar kwamfuta kamar yadda ido zai gan shi daga kowane wuri a duniya, a kowane lokaci, na baya ko na gaba. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara rubuta ta a 2001. Kyauta ce, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ne suke ci gaba da kula da ita. Sai da ta shafe sama da shekara 20 kafin a sa mata lamba 1.0, a watan Oktoban 2022. Daga 2023 aka koma sa lamba da shekara, wato 23.1, 23.2, har zuwa yanzu, kuma kusan duk wata uku ake fitar da sabon samfuri.

Da an ɗora ta, tana zuwa da taurari sama da 600,000. Mai buƙatar ƙari zai iya sauke wasu kundaye har adadin ya haura miliyan 100. Ban da wannan akwai ƙananan manhajoji da ake maƙala mata, waɗanda ake kira fulogin, kowacce da aikinta. Akwai Satellites mai nuna taurarin ɗan'adam, da Solar System Editor da ake shigo da taurari masu wutsiya ta cikinta, da Meteor Showers, da Oculars ta masu na'urar hangen nesa, da Calendars mai nuna kalandu iri-iri. Akasarinsu suna zuwa ne tare da uwar manhajar, sai dai ba dukansu ne a kunne ba. Sai an danna F2, an shiga shafin Plugins, an zaɓi wadda ake so ta riƙa tashi tare da manhajar, sannan a rufe a sake buɗewa.

Abin da ke tsufa da abin da ba ya tsufa

Akwai masu cewa taurari ba sa canzawa, don haka samfurin 2018 ya ishe su har abada. Rabin maganarsu gaskiya ce. Taurari suna motsi, amma motsin da ido ba zai lura da shi ba a tsawon rayuwar mutum. Rana da wata da duniyoyi irin su Zuhura da Mushtari kuma lissafinsu a cikin manhajar yake, ba ta buƙatar intanet kafin ta san inda suke. Tsohuwar Stellarium da ke cikin laftof ɗin da aka saya na hannu za ta faɗi lokacin faɗuwar rana a Kiru daidai da yadda sabuwa za ta faɗa, muddin an saita wuri da agogo.

Ɗaya rabin maganar ne ba ta tsaya ba. Akwai abubuwa a sama da bayanansu ke lalacewa cikin kwanaki. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, tana shawagi a tsayin kusan kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kusan minti 90. Ɗan abin da ya rage na iska a wannan tsayi yana jan ta ƙasa a hankali, lokaci-lokaci kuma a kunna inji a sake ɗaga ta. Don haka hanyarta kullum cikin sauyawa take. Fulogin ɗin Satellites tana lissafin inda tashar take ne da wasu layuka biyu na lambobi da ake kira TLE, waɗanda take saukowa daga shafuka irin su CelesTrak. Idan lambobin sun kwana biyu, lissafin zai fara zamewa. A minti ɗaya kacal tashar tana cin sama da kilomita 450, kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Abuja. Wanda ya tara abokai a filin ƙwallo ya ce su kalli arewa maso yamma ƙarfe 7:12, alhali TLE ɗinsa na bara ne, ya shirya shan dariya.

Haka abin yake da taurarin Starlink. Tun da kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko guda 60 a watan Mayun 2019, mutane a sassan duniya suke ganin jerin fitilu suna tafiya a layi kamar ayari, bayan magariba ko kafin asuba. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023. Duk lokacin da irin wannan jeri ya gifta, sai surutu ya tashi, wani ya ce jirgin leƙen asiri ne, wani ya ce alamar tashin duniya. Matashin da bayanansa suke sababbi zai iya buɗe manhaja ya nuna wa jama'a abin da ya wuce da sunansa. Wanda bai sabunta ba zai ga sama fayau a allonsa, ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi da cewa ko manhaja ba ta san abin ba.

Taurari masu wutsiya ma haka ne. Wanda aka sa wa suna Tsuchinshan-ATLAS, da aka riƙa gani ta yamma bayan faɗuwar rana a watan Oktoban 2024, sai a farkon 2023 aka gano shi. Duk Stellarium da aka ɗora kafin nan ba ta san da zamansa ba. Amma ba sai an sake sauke manhajar gaba ɗaya ba. Ta cikin Solar System Editor ana iya jawo bayanansa daga cibiyar Minor Planet Center da ke Amurka, cikin ƙasa da minti biyu.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga aljihu. Fayil ɗin uwar manhaja ɗaruruwan megabait ne. Bayanan taurarin ɗan'adam da na masu wutsiya kuwa ba su kai nauyin gajeren bidiyon TikTok ɗaya ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ɗalibin da ke Tudun Wada ba shi da datar da zai zubar. Abin mamaki, da yawa suna ƙona ta a kan babban fayil duk wata uku, suna barin ƙaramin da shi ne ainihin abin buƙata.

Ina manhajar take zaton take?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita aka fi mantawa. Idan aka buɗe Stellarium a karon farko, takan yi ƙoƙarin gano wuri ta adireshin intanet. Layukan waya na Najeriya kuwa sau da yawa sukan nuna mutum a Legas ko Abuja, ko da yana zaune a gindin mangwaro a Tiga. Idan babu intanet ma tana iya tsayawa a Faransa. Filin da ake gani a ƙasan allo da ciyayi da bishiyoyi, hoton wani ƙauye ne na Faransa mai suna Guéreins.

Bebeji tana wajen digiri 11.7 arewa, digiri 8.3 gabas. Legas tana wajen digiri 6.5 arewa, digiri 3.4 gabas. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka tazarar kusan digiri biyar ta gabas zuwa yamma tana daidai da kusan minti 20, ban da abin da bambancin arewa da kudu ke ƙarawa ko ragewa gwargwadon lokacin shekara. A maganar jinjirin wata, minti 20 ba wasa ba ne, domin wani jinjirin gaba ɗaya zamansa a sama bayan faɗuwar rana bai wuce haka ba.

Gyaran ba shi da wuya. A danna F6, a rubuta lambobin wurin da hannu, waɗanda GPS ɗin waya zai bayar, a tabbatar agogo yana kan lokacin Najeriya, wato awa ɗaya gaba da GMT, sannan a ajiye shi a matsayin wurin da manhaja za ta riƙa tashi a kai. Mutumin Doguwa kada ya ari lambobin Bebeji, domin Riruwai ta fi kusa da kudu da kusan digiri guda.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa kusan daidai yake da digirin arewa na wurin da mutum yake. A kudancin Kano bai wuce digiri 11 zuwa 12 ba, wato ɗan sama da faɗin dunƙulen hannu idan aka miƙe shi. Idan manhaja ta nuna shi can tsakiyar sama, to tana Turai. Idan ta nuna shi yana shafar ƙasa, tana bakin teku.

Jinjirin wata: abin da manhaja za ta iya da wanda ba za ta iya ba

Stellarium ta ƙware wajen faɗin inda wata yake. Za ta faɗi lokacin haihuwarsa, da tsayinsa a sama sa'ad da rana ta faɗi, da nisansa da ranar, da lokacin da shi ma zai faɗi. Idan ta nuna cewa wata ya riga rana faɗuwa, to babu abin da za a gani a wannan yammacin, kuma wannan ilimi ne mai amfani. Masana falaki sun daɗe da lura cewa jinjirin da bai kai nisan kusan digiri bakwai daga rana ba, ba ya ganuwa. Ana jingina wannan iyaka ga wani masani Bafaranshe, André Danjon. Da wuya kuma ido ya kama jinjirin da bai kai awa 15 zuwa 16 da haihuwa ba.

Abin da manhajar ba ta sani ba shi ne halin saman Bebeji a wannan yammaci. Ba ta san hazon hunturu ba, ba ta san hadarin da ya taso daga gabas ba, ba ta san ƙurar da ta tokare yamma ba. Ba ta kuma san duwatsun Riruwai ba, sai idan mutum ya ɗauki hoton kewayen wurinsa ya shigar mata. Ga kuma saiti biyu da suke yaudarar mutane. Harafin A yana kashe iskar sama, sai allo ya yi baƙi ƙirin, jinjirin da hasken yamma ya haɗiye ya fito fes. Akwai kuma zaɓin ƙara wa wata girma don a gan shi da sauƙi. Idan aka haɗa biyun aka ɗauki hoto, an samu watan da babu idon da ya gan shi.

Fulogin ɗin Calendars ma tana da nata tarkon. Kalandar Musulunci da ke cikinta ta lissafi ce, ana jera watanni 30 da 29 bisa ƙa'ida tsayayya. Tana iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu da abin da aka sanar. A Najeriya, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III ne yake sanar da tsayuwar wata, bayan rahotanni sun zo ta hannun sarakuna da kwamitin duban wata. Babu samfurin Stellarium da zai sauya wannan tsari, kuma masu rubuta ta ba su taɓa cewa don haka suka yi ta ba. Amfanin matashi mai manhaja shi ne ya gaya wa masu fita duba inda za su kalla, da tsayin da za su ɗaga ido, da cewa abu mai haske da ke kusa Zara ce, kada a ɗauke ta a matsayin wata. Wannan taimako ne na gaske. Tura hoton allo da sunan shaida kuwa raba kan jama'a ne a kan ibada.

To yaushe za a sabunta uwar manhajar?

Ba ana cewa kada a taɓa sabuntawa ba ne. Sabon samfuri yana zuwa da gyaran kurakurai, wani lokaci kuma adireshin da fulogin ke jawo bayanai yakan canza, tsohuwar manhaja ta kasa saukewa. Idan haka ta faru, sabuntawa ta zama dole. Akwai kuma sauye-sauye manya. A samfurin 25.1 na 2025 an koma amfani da kundin taurari na Gaia, na'urar hukumar sararin samaniya ta Turai da aka harba a 2013, an kuma sauya tsarin da ake ajiye sunayen taurari na al'ummomi. Ci gaba ne, amma yana da farashi: ƙarin kundayen da mutum ya sauke a da sai ya sake sauke su, kuma fayilolin sunayen da ya tsara da hannunsa sai an juya su zuwa sabon tsari.

Sai maganar kwamfutar kanta. Laftof da yawa a wannan yanki na hannu ne, wasu har yanzu da Windows 7, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020. Windows 10 ma an daina a ranar 14 ga Oktoban 2025. Stellarium ta kasance tana fitowa iri biyu, mai Qt5 da mai Qt6. Mai Qt6 ba ta tashi a kan Windows 7, kuma tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi wajen zane. Wanda bai duba ba ya goge tsohuwarsa mai aiki, ya ƙona data, ya ƙare da baƙin allo, ya yi biyu babu.

Tsarin da ya fi kamata shi ne:

1. A fara kwafe foldar saiti zuwa filash. A Windows tana cikin AppData, a Linux kuma sunanta .stellarium. A nan wurin da aka saita yake, da hotunan kewaye, da kundayen da aka sauke.
2. A karanta bayanin sabon samfurin. Idan babu abin da ya shafi aikin mutum, ya haƙura.
3. A sauke daga stellarium.org kawai, a zaɓi wanda ya dace da kwamfutar.
4. Kada a goge fayil ɗin tsohon samfuri har sai sabon ya yi mako guda yana aiki.
5. Bayan ɗorawa a sake duba wuri da agogo, a sabunta bayanan kowace fulogin, a yi gwajin tauraron arewa.
6. Kada a sabunta a daren da ake buƙatar manhajar. Mai shirin duban wata ya gama komai mako guda kafin ranar.

Tunda manhajar kyauta ce kuma lasisinta ya halatta rabawa, mutum ɗaya zai iya saukewa ya raba wa makaranta guda ta filash ko Xender. Sau ɗaya a shekara ya wadatar da akasarin masu amfani. Bayanan taurarin ɗan'adam ne suke son a waiwaye su duk 'yan kwanaki.

Masu waya da fitinar manhajar sata

Mafi yawan matasa ba su da laftof, waya ce a hannunsu. Akwai Stellarium Mobile a Play Store, ta kyauta da ta kuɗi mai suna Plus. Ba ɗaya take da ta kwamfuta ba, kuma ba ta ɗaukar fulogin ɗin waccan. Abin da ke faruwa shi ne, wanda ya ga ta kuɗi sai ya tafi neman wadda aka fasa a wasu shafuka. Manhajar da aka fasa ba ta samun sabuntawa ta hanyar da ta dace, kuma babu wanda ya san abin da aka cusa mata. A wayar nan kuma manhajar banki take, da lambobin sirri, da hotunan iyali. Ba hikima ba ce mutum ya buɗe wa ɓarawo ƙofa don ya ga ƙarin taurarin da idonsa ma ba zai gani ba. Ta kyautar ta isa ga sanin taurari da duniyoyi da wata.

Wata matsalar ta waya ita ce kamfas. Idan aka ɗaga waya sama manhaja ta nuna Zara a kudu alhali ga ta a yamma, laifin ba na samfuri ba ne. Ko dai kamfas ɗin yana son a daidaita shi ta hanyar juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8, ko ana tsaye kusa da ƙarfe ko janareta, ko kuma wayar ba ta da na'urar kamfas ɗin gaba ɗaya, kamar yadda wasu masu araha suke. Sabuntawa sau goma ba za ta sa wa waya abin da ba a ƙera ta da shi ba.

Ga masu ɗari-ɗari

Akwai iyaye da malamai da suke jin an ce taurari sai hankalinsu ya tafi kan duba da bokanci. Damuwarsu abin girmamawa ce, kuma amsarta a fili take. Stellarium ba ta faɗin sa'a ko arziki ko ranar aure. Lissafin wuri da lokaci take yi, irin wanda ake fitar da jadawalin salla da alƙibla da shi. Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan lissafi ba ce. Malamai da manoma sun daɗe suna ƙirga shekara da manzilolin wata 28, kowanne kwana 13, ɗaya kuma 14, jimilla 365, suna sanin lokacin shuka da na marka da na ɗaukewar ruwa da su.

Rashin wannan sani shi ne yake da haɗari. A watan Janairun 2001, husufin wata ya jawo tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri. A ranar 29 ga Maris 2006 kusufin rana cikakke ya ratsa arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, rana ta yi duhu da hantsi. A ranar 7 ga Satumban 2025 wata ya fito a nan yana cikin husufi, jajir. Na gaba ma an san ranakunsu: ranar 2 ga Agustan 2027 kusufin rana cikakke zai bi ta Masar da Makka, a arewacin Najeriya a ga wani ɓangare, ranar 20 ga Maris 2034 kuma cikakke zai ratsa Najeriya ta Legas. Matashin da ya saita manhajarsa daidai zai iya gaya wa liman da mai unguwa rana da sa'a tun da wuri, a shirya sallar kusufi, a gargaɗi yara kada su kalli rana da ido tsirara. Idan ya faɗa ya kuskure da minti 20 saboda manhajarsa tana Legas, ba za a sake sauraronsa ba, kuma ba shi kaɗai zai rasa amincin ba.

Abin da kudancin Kano ke da shi

Mai zaune a Fagge ko Sabon Gari yana da intanet mai sauri, amma fitilu da hayaƙi sun cinye masa sama. Mai zaune a bakin madatsar Tiga, ko ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, ko kan tsaunukan Riruwai, yana da duhun da masu kallon sama a Turai suke biyan kuɗin jirgi su je nema. Daga nan ana ganin tauraron arewa, ana kuma ganin taurarin kudu da mutanen Landan ba sa gani ko kaɗan. A daren 13 zuwa 14 ga Disamba, idan hazo ya yi sauƙi, ana ganin ruwan taurarin Geminids suna tsiyaya kamar tartsatsi.

Akwai kuma wata dukiyar da ba a sauke ta daga intanet. Tsofaffin yankin sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Gamzaki da ke fitowa da asuba, sun san Zara matar wata, sun san taurarin da ke shaida cewa damina ta kankama. Wanda ya danna F4 a Stellarium zai tarar da jerin sunayen taurari na Larabawa da Sinawa da Masarawan dauri da wasu al'ummomi da dama, domin wasu daga cikinsu ko masu nazarinsu sun zauna sun rubuta sun tura. Na Hausa ba zai faɗo daga sama ba, sai 'yan gida sun yi. Aikin ba ya buƙatar digiri. Yana buƙatar matashi ya zauna da kakansa ko wani dattijon manomi a tsakar gida bayan isha'i, dattijon ya nuna da yatsa ya faɗi suna, matashin ya duba lambar tauraron a manhaja ya rubuta, sannan ya tambayi wani dattijon a Kiru ko Doguwa ya ji ko sunan ɗaya ne. Fassarar manhajar ma masu sa kai ne suke yin ta a shafin Transifex, ƙofa a buɗe take ga mai iya Hausa da Turanci.

Sabon samfuri zai sake fitowa nan da wata uku, wani kuma ya biyo bayansa, babu mai tsere wa kowa. Dattijon da ya san sunayen taurarin nan shi ne ba shi da samfuri na gaba. Don haka kafin a taɓa maɓallin saukewa a daren yau, a danna F6 a ga ko manhajar ta san tana Bebeji, a sabunta bayanan fulogin, a mayar da iskar sama da girman wata yadda suke. Idan an gama, a rage hasken allo, a fita waje da tabarma, a nemi wanda ya girme ya nuna Kaza.